Kalangu a Kan Rufi: Abin da YouTube Ke Koya Mana a Arba wa Nus, da Abin da Ya Gagare Shi



Duk wanda ya taɓa hawa rufin gidajenmu na Arba wa Nus bayan sallar isha'i ya san irin sautukan da ke tashi. A ƙasa tuktuk na zuba mahraganat kamar zai fasa sifika. Ta wannan taga muryar Muhammad Wardi ce ke fitowa, ta waccan kuma karatun Shaikh Husari. To a 'yan watannin nan an samu ƙarin sauti guda a rufin ginin da muke. Ƙanin wani abokina ne, ɗan sakandare, yake zama a kan bulo, ya jingina waya da kofin shayi, ya maƙale kalangu a hammata. Kalangun daga Kano ya zo cikin jakar wani ɗalibi, tare da daddawa da kuka da kilishi. Yaron bai taɓa taka Najeriya da wayonsa ba, bai taɓa ganin makaɗi ido da ido ba. Malaminsa kaf a duniya YouTube ne.

Ran nan na zauna ina kallonsa. Ya kunna wani tsohon bidiyon Mamman Shata, ya mayar da shi baya ya fi sau ashirin, duk don ya ga hannun mai kalangu na daƙiƙa uku kacal kafin kyamara ta koma kan masu liƙi. Wallahi sai da ya ba ni tausayi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan.

Unguwar da ake kira da lamba

Don 'yan'uwa masu karanta mu daga Jidda, Landan ko Kumasi: Arba wa Nus da Larabcin Masar na nufin huɗu da rabi, wato kilomita 4.5 a kan hanyar Alkahira zuwa Suwes, daura da Madinatu Nasr. Sunan unguwar na asali Izbatul Haggana, daga sunan sojojin raƙuma masu gadin iyaka da suka fara zama a wurin. Hukuma ta raɗa mata sabon suna, Madinatul Amal, amma bakin direban mikrobas bai canja ba. Unguwa ce ta mai ƙaramin ƙarfi: Misirawan da suka taso daga ƙauyuka, 'yan Sudan, 'yan Sudan ta Kudu, da mu da iyayenmu suka zo karatu Azhar suka zarce da zama saboda haya ta fi sauƙi a kan ta Hayyul Ashir. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 jama'a suka ƙaru, kuma a cikinsu akwai Hausawan Sudan, jikokin mahajjata da na waɗanda suka yi hijira gabas bayan yaƙin Burmi na 1903.

Ka ga kenan yaron da ya tashi a nan kunnuwa uku gare shi: na Masar a titi, na Sudan a maƙwabta, na Hausa a ɗakin uwarsa. Na ukun shi ne ya fi rauni, shi ne kuma ba shi da makaranta.

Yadda ake koyo a da

A ƙasar Hausa kiɗa sana'a ce ta gado. Ɗan makaɗi yana buɗe ido ya ga ganga rataye a zaure. Wanda bai gada ba kuwa sai ya bi ubangida: ya ɗauki kaya, ya shiga cikin 'yan amshi, a miƙa masa ƙaramar ganga irin kuntukuru ya riƙa riƙe zaren kiɗan shekara da shekaru kafin a yarda ya taɓa babban kalangu. Babu allo, babu takarda. Ka yi kuskure a gaban jama'a a harare ka, gobe ba za ka sake ba. Kowane kiɗa kuma da mutanensa: kalangu da mahauta, tambari da kakaki da algaita na fada, kotso na irin su Narambaɗa da Musa Ɗankwairo, ƙwarya ta mata a cikin gida.

Wannan tsari ya fitar da gwanaye, amma ƙofarsa ƙunci gare ta. Ɗan malami ko ɗan attajiri ba ya tunkarar ta, don kalmar roƙo kaɗai ta isa a hana shi aure a wasu gidajen. Yawancinmu nan kuwa 'ya'yan malamai ne. Da a Zariya ko Katsina aka haifi yaron can na kan rufi, da wuya ya taɓa kalangu. Wannan ita ce alfarma ta farko da bidiyon intanet ya yi mana: ba ya tambayarka ɗan wane ne kai.

Inda kasuwa ta cika

An buɗe YouTube a 2005, kamfanin Google ya saye shi a 2006. Waɗanda suka girme mu sun tuna lokacin da ake biyan kuɗin awa a sayibar, a jira bidiyon minti huɗu ya gama lodi. Yanzu makarantar tana aljihu, matuƙar baƙarka ta data ba ta ƙare ba.

In udu kake so, darussa da Larabci ba sa ƙirguwa: yadda za ka ɗaure tsirkiya, yadda za ka riƙe risha, maƙamai ɗaya bayan ɗaya, Rast, Bayati, Hijaz, Saba. In tabla ce, za a zaunar da kai a kan dum da tak har maƙsum da baladi da sa'idi su zauna a hannunka. Jita da fiyano kuwa ba a magana. Kuma in ka gaji da waya, gari na da inda za ka dosa. Shari'u Muhammad Ali tsohuwar cibiyar masu ƙera kayan kiɗa ce. Baitul Ud, makarantar da Nasir Shamma ɗan Iraƙi ya kafa a ƙarshen shekarun 1990, ta yi suna a Baitul Harrawi, bayan masallacin Azhar, wajen da iyayenmu suka sha wucewa da littattafai a hammata.

Haɗa kiɗa a kwamfuta ma haka. Mahraganat ɗin da ke cika mana kunne a unguwannin talakawa aka haife shi, irin su Madinatus Salam, a ƙarshen shekarun 2000, a hannun samarin da ba su je makarantar kiɗa ba. Tsohuwar kwamfuta ce da manhajar FL Studio da intanet. A watan Fabrairun 2020 ƙungiyar mawaƙan Masar, ƙarƙashin Hani Shakir, ta haramta wa masu wannan kiɗa hawa dandamali, amma a YouTube jama'a suka ci gaba da kallonsu. Labarin ya yi kama da na Kano, inda fiyanon Yamaha ya shiga situdiyoyin finafinan Hausa a shekarun 1990 ya haifar da waƙoƙin nanaye. Yau duk saurayin da ke son ya yi kiɗa irin na Ali Jita ko Umar M. Shareef ko Hamisu Breaker zai iya fara harhaɗawa a ɗakinsa.

Shawara ɗaya a nan ga masu koyon fiyano. Darussan Misirawa a kan maƙamai aka gina su, masu ɗauke da sautukan da ke faɗawa tsakanin farin maɓalli da baƙi, shi ya sa suke da fiyanonsu na musamman, org sharƙi. Yawancin waƙoƙinmu na gargajiya kuwa a kan sautuka biyar suke tafiya, kamar na Sudan. Ka rubuta "sullam khumasi" da Larabci a wurin bincike, ka bi malaman Sudan. Cikin mako guda za ka ji yatsunka suna faɗawa kan waƙoƙin da Umma ke rerawa a kicin. Ba abin mamaki ba ne: A'isha Falatiya, wadda aka haifa a Kasala, iyayenta daga Sakkwato suka fito, ita ce mace ta farko da ta yi waƙa a rediyon Omdurman a farkon shekarun 1940, kuma nan Alkahira ta zo ta ɗauki faifai. Hanyar da ke tsakaninmu da su tsohuwa ce.

Inda rumfa ta zama fayau

To yanzu rubuta kalangu, ko gurmi, ko kukuma, ko kuntigi. Me za ka samu? Wasa, wasa, wasa. Shata a gidan talabijin, Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa, Haruna Uji da gurmi, Garba Supa da kukuma, Barmani Choge da matan amada. Allah ya saka wa waɗanda suka ciro su daga tsofaffin kaset suka ɗora, don ba don su ba da ba mu san fuskokin nan ba. Amma darasi, irin wanda mutum zai zauna ya ce ga yadda ake riƙewa, ga bugu na farko, maimaita bayana, sai ka tona sosai kafin ka ci karo da ɗaya, shi ma sau da yawa minti biyu ne a TikTok.

Tsofaffin bidiyoyin kuma ba don mai koyo aka ɗauke su ba. Mai kyamara fuskar mawaƙi yake bi, da babbar rigar wanda ake wasawa, da kuɗin da ake mannawa a goshi. Makaɗa na can baya. A kalangu kuwa rabin aikin ba ya ganuwa ko da an haska shi: damtse ne ke matse tsarkiyoyin da suka haɗa fatun biyu, a matse sauti ya hau, a saki ya sauka. Nawa za ka matse? Yaushe za ka saki, kafin bugu ko bayansa? Ido ba ya ba ka wannan. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma a kalangu ji ne gaba.

Shata ya rasu a 1999, Barmani a 2013, Ɗanmaraya a 2015. Muna da muryoyinsu. Hannuwan da suka raka su fa?

Ganga Hausa take ji

Ga babban abin da na gano a kan rufin nan, kuma shi ne ya fi ci mini rai. Yaron yana da hannu, tabla ta riga ta gyara masa shi. Yana bin bugun daidai. Amma da aka tura wa wani dattijo a Kano muryar abin da ya kaɗa ta WhatsApp, amsar da ta dawo ita ce hannu ya yi kyau, sai dai gangar ba ta ce komai ba.

Dalili kuwa kalangu magana yake yi. Hausa harshe ne mai hawa da sauka. Kuka na hawaye da kuka ta miya haruffansu ɗaya, karin murya ne ya raba su. Baba mahaifi, baba ta mace, da baba na rini, haka. Gari na mutane da gari na tuwo kuwa jan wasali ne ya bambanta su. Makaɗi wannan hawa da saukar, da wannan ja da taƙaitawar, yake kwaikwayo da fata. Taken sarki, taken ɗan dambe, taken mahauci, kowanne jimla ce da mai kunne ke ji ya fassara. Bamisire yana koyar da tabla da dum da tak. Namu makaɗin da zance yake koyarwa.

Mu kuwa, mu faɗa wa kanmu gaskiya, Hausarmu ta sha ruwan Nilu. Muna magana iyaye su gane, amma karin ya baje, Larabci ya danne shi. Wanda bai ji bambancin kuka da kuka a bakinsa ba, ta yaya zai fitar da shi a hammatarsa? Ashe darasin kalangu na farko ba a YouTube yake ba. Yana wajen Umma, in ka daure ka daina ba ta amsa da Larabci.

Dabarun da suka yi mana aiki

Duk da haka ba a zauna ba. Ga abin da muka gwada muka ga amfaninsa, ko wani zai ƙaru.

Na farko, rage gudun bidiyo. A saitin YouTube akwai 0.75 da 0.5 da 0.25, kuma sautin ba ya sauka, jan jiki kawai yake yi. Mun ga 0.75 ya fi, don a 0.25 kiɗan yakan wargaje. A kwamfuta, in ka tsayar da bidiyo, maɓallin waƙafi da na aya suna matsar da hoto ɗaya-ɗaya, baya da gaba. Da haka ake kama daƙiƙa ukun nan na hannun makaɗi.

Na biyu, baki kafin hannu. Kada ka taɓa ganga sai ka iya faɗin abin da take faɗa. Ka kai wa babba a gida ya saurara ya gaya maka kalmomin, ka maimaita har ya ce ka faɗa daidai.

Na uku, waƙa ɗaya tak. Cutar YouTube ita ce tsalle: yau Bakandamiya, gobe udu, jibi wani ɗan Mali da ngoni. Wata shida ka ga ka san farkon abu goma, ba ka kai ƙarshen ko ɗaya ba. Ubangidan da ya riƙe yaro a kan kuntukuru shekaru ya san abin da yake yi.

Na huɗu, ɗauki kanka. Bidiyo ba ya harararka in ka yi kuskure, kuma kuskuren da aka maimaita sau dubu ya zama ɗabi'a. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ɗauki hannunka da waya, ka kalla, sannan ka tura wa wanda ya sani.

Na biyar, nemi malami mai rai, ko ta waya ne. Kusan kowannenmu na da ɗan'uwa a gida da ya san wani makaɗi. Kiran bidiyo yana da jinkiri, ba za ku iya kaɗawa tare ba, amma salonmu dama na bayarwa da amshi ne: ya kaɗa, ka mayar. Ku lura manhajojin kira kan ɗauki ganga a matsayin hayaniya su danne ta. A Zoom akwai wurin kunna sautin asali, in kuma abin ya ƙi, ku koma tura gajerun bidiyo. Ku tuna muna gaban Najeriya da Nijar da awa ɗaya a hunturu, awa biyu a lokacin zafi. Kuma don Allah a biya mutum. Makaɗi da hannunsa yake ci, kada a mai da shi YouTube na kyauta.

Maganar gida

Na san wani zai ce, duk wannan surutu, Baba ya sani? Tambaya ce ta gaske. Da yawa cikinmu da iyafis muke koyo, a ɓoye. Ni ba malami ba ne, ba zan yi fatawa a mujalla ba. Abin da na sani shi ne saɓanin malamai a kan kiɗa tsoho ne. Imam Gazali ya ware masa babi a Ihya, Shaikh Mahmud Shaltut, wanda ya shugabanci Azhar daga 1958 zuwa 1963, ya halatta shi da sharuɗɗa, wasu manyan kuma sun hana. Iyayenmu sun fi mu sanin wannan, su suka karanta. Sau da yawa abin da ke damunsu ba hukuncin ba ne kaɗai, tsoro ne kada labari ya je gida cewa ɗan da aka haifa a inuwar Azhar ya zama maroƙi, kada kuma jarrabawar sanawiyya ta sha ruwa.

Mahaifin yaron namu da ya gano, kwana uku bai ce uffan ba. Daga baya ya kafa sharuɗɗa: ba lokacin salla ba, ba kafin a gama bitar karatu ba, ba a ɗaga wa maƙwabta hankali. Ranar wata Juma'a kuma sai ga shi ya hau rufin da kansa, ya tsaya daga nesa, can ya gyara wa yaron karin wata kalma, ya sauka abinsa. Ɓoyo bai taɓa haifar da irin wannan ba. In za ka iya, ka faɗa.

Mu ne za mu cike giɓin

A Nijar an yi wani malamin makaranta, Malam Maman Barka, gwanin gurmi. Ya samu labarin cewa biram, abin kiɗa mai tsirkiya biyar na Buduma masunta a Tafkin Chadi, saura mutum ɗaya da ya iya shi, wani dattijo Bukar Tar. A 2002, da tallafin UNESCO, ya tattara ya tafi ya zauna wurinsa ya koya. Dattijon ya rasu, Barka ya zaga duniya da biram, shi ma ya rasu a 2018. Da bai yi waccan tafiyar ba, da sai dai a ga biram a gidan tarihi. Nan Masar ma an yi haka da rango, kiɗan da 'yan Sudan suka shigo da shi a ƙarni na 19: ya kusa ɓacewa sai da Zakariyya Ibrahim na cibiyar Mastaba ya nemo Hasan Bargamon ya dawo da shi fili.

Kalangu bai kai nan ba, Alhamdu lillahi, har gobe ana kaɗa shi a biki da dambe. Amma kuntigi fa? Mutum nawa ka sani da ke kaɗa shi bayan Ɗanmaraya? Abin da Barka ya yi da doguwar tafiya, mu za mu iya somawa da wayar da ke hannunmu. Duk wanda zai je hutu gida, ya ware yini ɗaya ya nemi makaɗi, ya gaishe shi yadda ya kamata, ya nemi izini, ya yi masa alheri. A kafa waya a kan hannu da damtse, ba fuska ba. A roƙe shi ya faɗi jimlar da baki, ya kaɗa a hankali, sannan ya kaɗa da gudunta. A tambaye shi sunan kowane sashe na gangar da fatar da aka yi ta da ita. In za a ɗora, a sa sunansa da garinsa, a rubuta take da Hausa da Larabci don yaranmu na nan da na Sudan da na Saudiyya su samu.

Wanda ba shi da kuɗin jirgi kuma kada ya ce ba shi da rabo. Ranar suna, leƙa ɓangaren su Inna in sun kife ƙwarya a ruwa. Tsofaffin da yaƙi ya koro daga Sudan, wasunsu na ɗauke da waƙoƙin da ko a Kano an manta da su. A gaishe su, a zauna, in sun yarda a ɗauka, in ba su yarda ba a koya da kunne. Matambayi ba ya ɓata.

Yaron namu dai yana nan yana fama. Makon jiya ya sake tura wa dattijon Kano abin da ya kaɗa, aka ce masa yanzu an fara jin kalma biyu. Ya sauko daga rufi yana murna kamar wanda ya ci jarrabawa, ya wuce kicin ya tambayi Umma yadda ake faɗin ta ukun.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.